Babi na Shida: Buɗe Idon Tsohuwar Kyamara

Abu biyu ne ke makantar da idon kyamara a ƙasar Maraɗi, kowanne kuma da watanninsa: ƙurar hunturu da danshin damina. A mafi yawan garuruwan Nijar ƙura ce ke da rinjaye, danshi ba ya daɗewa. Madarunfa kuwa, da ke kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, ta haɗa su duka biyun. Ga tafki a gefen gari, ga kwarin gulbi, ga kurmi, ruwan samanta kuma ya fi na akasarin ƙasar. Ni'imar da ta zaunar da masunta da masu lambu a wurin, ita ce ke cin gilashin da aka kulle cikin adaka.

Ƙurar daga nesa take zuwa. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon ƙaton tafki, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙasa ta yi sama da ita. Daga Nuwamba har zuwa Maris tana sauka a kanmu, ta bi ƙarƙashin ƙofa, ta shiga akwati, ta kutsa tsakanin zobban ƙarfe. In ka murza ta a yatsa laushi gare ta, shi ya sa ake raina ta. Amma binciken da aka yi kan ƙurar hunturu a Kano ya nuna akasarinta ɓarɓashin kwaz ne, ainihin ma'adinin rairayi, kuma a ma'aunin taurin ma'adinai kwaz yana kan 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Wanda ya fi tauri shi ke yankan ɗan'uwansa. Ƙurar da ke kwance kan gilashi ba ta yi ɓarna ba tukuna. Ɓarna tana somawa ne ranar da aka kawo bakin riga aka goga.

Danshi ya fi ƙura mugunta, domin shi a ɓoye yake aiki. Daga Yuli zuwa Satumba ɗaki yakan riƙe laima, jakar fata ta tsotse ta, kyamara tana ciki, cikin duhu, ba iska. Abin da fumfuna ke nema ke nan. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, sun riga sun shiga cikin idon tun da daɗewa, jiran ruwa kawai suke yi. Da danshi ya haura kimanin kashi 70 cikin 100 ya zauna kwanaki, sai su tsiro, suna cin ɗan maiƙo da ƙura da suka tarar. Daga gefe suke farawa su miƙo tsakiya, siraran zaruruwa farare kamar saƙar gizo-gizo. In an bar su shekaru, ruwan da suke fitarwa yana cin shafen da ke kan gilashin, daga baya ya ci gilashin kansa, ya bar tabon da babu abin da zai wanke shi.

Waɗanne idanu ne ke kwance a gidajenmu? Sana'ar ɗaukar hoto ta shigo garuruwan Nijar ne galibi daga kudu. Yarbawa masu hoto sun bazu da shagunansu cikin Afirka ta Yamma, kuma masaniyar tarihi Erika Nimis ta bi sawunsu a littafinta na 2005. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. Mu a nan ƙasar Maraɗi, hanyar kaya ita ce ta Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Ta nan fim da takardar hoto da maganin wanki suka riƙa shigowa, ta nan kyamarori da yawa suka biyo. Wasu alhazai ne suka sayo su a Jidda, wasu kuma ɗaliban da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet ne suka dawo da su a wuya. Shi ya sa in an buɗe tsohuwar adaka, sunaye uku sun fi fitowa: Yashica mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, da Pentax ta Japan, da Zenit ta Rasha.

Da Zenit zan yi misali, saboda idon da ta fi zuwa da shi, Helios-44, shi ya fi sauƙin buɗewa, kuma shi ya fi yafe wa mai koyo. Tsawon ganinsa milimita 58, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/2. Asalin tsarinsa na Jamus ne: Biotar na kamfanin Carl Zeiss, wanda Willy Merté ya zana a ƙarshen shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Sobiyet suka kwashi injuna da zane-zane daga masana'antar Zeiss ta birnin Jena, suka kwaikwayi idon, suka fara ƙera shi a Krasnogorsk kusa da Mosko wajen 1958, daga baya a Minsk da Valdai. Miliyoyi aka ƙera. A yawancinsu lambobi biyu na farko na lambar da ke jikin zoben gaba shekarar ƙira suke nunawa. In ka ga ta fara da 78, to idon ya girmi mafi yawan waɗanda za su riƙe shi yau.

A cikinsa gilasai shida ne, an jera su rukuni huɗu: ɗaya a gaba, sai biyu manne da juna, sai ƙofar haske a tsakiya, sai wasu biyun manne, sai ɗaya a baya. Wannan ya ba da fuskoki takwas inda gilashi ke haɗuwa da iska, kuma kowace fuska, in tsirara take, tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Takwas ɗin a haɗe suna zubar da kusan kashi 30, kuma hasken da ya ɓace ɗin yawo yake yi a ciki yana dusashe hoto. Maganin wannan Alexander Smakula ya samo a Zeiss a 1935: wani shafe da ake ɗora wa gilashi, kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita. Shi ne launin shuɗi ko shunayya ko ruwan zuma da kake gani in ka karkata ido ga haske. Duk wanda zai taɓa gilashi da auduga ya riƙe wannan adadi a ransa. Abin da yake gogewa bai kai kaurin komai da ya taɓa riƙewa ba, kuma a tsofaffin idanu shafen fuskokin ciki yakan fi na waje taushi, tun da maƙeran ba su yi zaton hannu zai kai can ba.

Kafin a kwance komai, a duba. A cire idon daga jikin kyamara, a buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a shiga inuwa, a haska tocila ta baya a karkace, a leƙa ta gaba. Kowane tsohon ido zai ba ka tsoro a wannan gwaji, har wanda lafiyarsa lau. Ɗige-ɗigen ƙura a ciki ba sa fitowa a hoto, ba su isa dalilin buɗewa ba. Ƴan ƙananan kumfa a cikin naman gilashin tun daga wurin narki suke, a ƙyale su. Abu uku ne suka cancanci sukudireba: fumfuna, da hazo, wato farin tururin da tsohon giris ke bari a fuskokin da ke kusa da ƙofar haske, da kuma mai da ya malalo kan ganyayen ƙofar. Hazon nan ya zama ruwan dare a wurinmu, don zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana narkar da giris ɗin da aka yi domin sanyin Rasha.

Wani dattijo a Madarunfa, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na angwaye da na ƴan makaranta, ya taɓa miƙo mini Zenit ɗinsa a naɗe cikin tsohon rawani. Na haska gilashin gaba. Babu fumfuna ko kaɗan a wajen, amma tsakiyarsa ta yi fari da dubban siraran zane masu zagaye, duk sun bi hanya ɗaya, hanyar babban yatsa a cikin bakin riga.

Na ce, "Baba, da me kuke goge shi?"

Ya kama gefen rigarsa ya nuna mini. Ya ce, "Da wannan, ɗana. Kowace safiya, kafin in fita. Ban taɓa barinsa da dauɗa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ƙauna ce ta sa shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke cikin ƙurar. Idon yana ɗaukar hoto har yanzu, amma da rana ta fuskance shi sai komai ya yi fari-fari. Wannan zanen ba ya gyaruwa. Akwai masu cewa a goge da man goge haƙori ko da man goge ƙarfe. Duk wanda ya yi haka ya kankare shafen, ya kuma canza lanƙwasar gilashin da aka auna da ƙyar. Garin neman gira ake rasa ido.

Wurin aiki shi ne rabin aikin. Kada a buɗe ido a rumfar kasuwa, kada a buɗe shi ranar da hazo ya rufe gari. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba, kafin iskar gabas ta taso; shi ne kuma lokacin da fumfunar da damina ta haifa take sabuwa, ba ta kama gilashi ba. A sami ɗaki mai siminti, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe taga, a kashe fanka, a jira ƙura ta kwanta. A shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti mai baki, domin akwai ƙusoshi a jikin idon da ba su kai ƙwayar gero ba, in ɗaya ta yi tsalle ta faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Marafan kwalba a jere sun isa wurin ajiye su, kowane mataki da marfinsa. Waya kuma tana gefe: a ɗauki hoton kowane abu kafin a cire shi.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma kusan duka ana samunsu tsakanin Madarunfa da babbar kasuwar Maraɗi. Ƙananan sukudirebobi irin na masu gyaran agogo. Robar hura iska. Wadda ake sayarwa a farmasi don zuƙe majinar jarirai tana yi, in sabuwa ce. Auduga mai tsabta da tsinken sakace. Guntun robar tayar keke ta ciki, ko robar ƙafar kujera, don murɗe zoben da ba shi da wurin kamawa. Sai maɓalli mai baki biyu na zobba masu tsaga, wanda in babu shi, kamfas ɗin ƴan makaranta mai tsini biyu yana tsayawa a madadinsa bayan an dakushe tsinin da magagari. Wanda zai taɓa idon Japan ya san cewa kan ƙusoshinsu, ko da yake gicciye ne, ma'auninsa dabam yake da na sukudireban da ke yawo a kasuwa. In ya ji bakin bai zauna daram ba, ya dakata, don ƙusar da kanta ya lalace tana iya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Ruwan wankin ma akwai magana. Alkol ake so mai ƙarfi, kashi 90 ko fiye. Na kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, yana barin sawu, wanda kuma aka zuba wa launi ko ƙamshi yana barin abin da ya fi sawu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗiga a kan madubi mai tsabta, a bari ya bushe, in ya bar zobe, bai dace ba. Don narkar da maiƙo, man laita. Fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa da ke cikin kwalabe a bakin hanya ba ya shiga wannan aiki, haka ma kananzir da man keken ɗinki.

Helios-44-2, ɗaya daga cikin ire-iren Helios-44, yana da wani kirki da ba kowane ido ke da shi ba: in ka riƙe gindinsa da hannu ɗaya ka murɗa gabansa hagu da ɗayan, duk ɓangaren gilasan yana fita guda, ya bar ɓangaren saiti a hannunka. A tsakaninsu za ka tarar da siririn zobe, wani lokaci biyu. Ba shara ba ne. Da shi aka daidaita nisan gilasai da fim a masana'anta, kowane ido da kaurin nasa, kuma in ya ɓata idon ba zai ƙara ganin nesa daidai ba. Tsakanin bakin kyamara mai murɗin M42, wato irin murɗin gindin wannan ido, da fim milimita 45 da rabi ne, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana nunawa a hoto.

Daga nan sai gaba. A dafa roba a kan zoben da ke ɗauke da suna, a danna, a murɗa hagu. In ya ƙi, a ɗiga alkol kaɗan a bakin murɗin a ba shi lokaci; sau da yawa tsohuwar ƙura ce ko ɗigon fenti ya riƙe shi. In kuma bakin idon ya taɓa buguwa ya lotsa, sai an fara miƙe shi da guntun itace, in ba haka ba zoben ba zai wuce ba. Da ya fita, a kifa idon a kan tafin hannu da ƙyalle, gilashin gaba zai sauko da kansa. Kada a zaƙulo shi da ƙarfe. Nan take, tun bai juya a hannu ba, a ɗauki fensir a yi ɗan kibiya a kaurin gefensa mai nuna gaba. Na gaban ba shi da wuyar ganewa, amma na baya fuskokinsa biyu sun yi kama, kuma wanda ya mayar da shi a juye zai sami hoto mai kyau a tsakiya, gefe duk ya narke, ya rasa dalili. Gilasai a riƙe su ta gefe kawai, a ajiye su a jere yadda suka fito, tare da duk zoben da ya raba su.

Wanki yana da tsari, kuma tsarin ba ya canzawa. Iska tukuna, da robar hurawa, ba da baki ba, don numfashi yana tafe da yawu. Sai a naɗa auduga a kan tsinke, a jiƙa ta kaɗan, a ɗora a tsakiya, a zagayo waje a hankali, nauyin audugar kawai, ba na hannu ba. Shafa ɗaya, a jefar, a naɗa sabuwa. Audugar da ta wuce sau ɗaya ta kwashi ƙura, in ta koma ta zama abin kankara. Wanda ya ga tulin audugar da ido ɗaya ke ci zai ce almubazzaranci ne, amma nan ne bambancin mai gyara da mai ɓatawa yake. Hazo yakan tafi da man laita sannan alkol. Fumfuna kuwa a jiƙa ta da ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi, a bar shi ya yi mintoci yana aiki, sannan a ɗauke, a bi da alkol. A goge cikin gangar ƙarfen ma, inda gilashin ke zama, don can saiwar take. In bayan wanki biyu ko uku sawun zaren yana nan, to ba fumfuna ba ce kuma, tabonta ne a cikin shafe. A tsaya. Ido mai tabo a gefe yana ɗaukar hoton da ba wanda zai gane. Ido mai kankararren shafe kowa zai gane.

Gilasan nan biyu da ke manne, a wanke fuskokinsu na waje kawai. A tsofaffin idanu da ƙaron wata bishiya ta Kanada aka haɗa su, saboda haske yana ratsa shi kusan yadda yake ratsa gilashi; daga baya aka koma ga gam na roba. In ka ga launin bakan gizo ko wani rawaya-rawaya yana shigowa daga gefe a tsakaninsu, ƙaron ne ya fara saki. Raba su da sake manne su a kan tsakiya ɗaya aikin masu na'ura ne. Kuma kada a tsoma su cikin alkol, don yana bin gefe ya shiga ya ci ƙaron. Baƙin fentin da ke kaurin gefensu ma a kiyaye shi; shi ke shanye hasken da ya kauce hanya.

Ganyayen ƙofar haske su ne wurin da na fi ganin an yi asara. Guda takwas ne a Helios-44-2, na farkon ƙira suna da 13, kowanne ya fi reza siranta, kowanne da ɗan ƙurji a ƙarshensa da ke zama cikin raminsa. A bushe aka yi su su yi aiki. A idon da ake rufe ƙofarsa da hannu, kamar wannan, ɗan ƙyallin mai a kansu bai hana komai ba, sai dai shi ne ke zama hazo gobe. A idon da kyamara ke rufe wa ƙofa da kanta lokacin ɗauka, irin Takumar na Pentax ko Helios-44M, mai yana sa ganyayen nawa, hoto ya sha haske ya ƙone. Tun da gilasan gaba da na baya sun riga sun fita, ana iya wanke su a inda suke: auduga da man laita, a taɓa a hankali ana bin kwanciyarsu, a buɗe, a rufe, a sake, har auduga ta daina ɗaukar launi. Zai ɗauki yamma guda. Fitar da su ɗaya-ɗaya ya fi tsabta, amma mayar da na ƙarshe, wanda dole ya shiga ƙarƙashin na farko ba tare da sauran sun tashi ba, ya sa mutane da yawa sun tattara komai cikin leda sun ajiye har yau.

Ɓangaren saiti kuma, in zoben yana juyawa lafiya, a bar shi. In ya ƙage ko yana ƙarar rairayi, sai an wanke tsohon giris. Murɗinsa yana da bakin shiga da yawa, kuma ɗaya ne kawai daidai. Saboda haka a juya a hankali ana ja, kuma daidai inda ɓangarorin biyu suka rabu a tsaya a yi zane da tsinin allura a kan duka biyun. Wanda ya manta wannan zai gwada baki bayan baki, yana haɗawa yana kwancewa. Sabon giris kaɗan ake sawa, mara nauyi, mai jure zafi. Na mota ya yi kauri, kuma bazara ɗaya ta isa ta kai shi kan ganyaye.

Idan an mayar da komai, kowane zobe a ɗaure shi daidai inda ya tsaya, ba da ƙarfi ba. Gilashin da aka matse yana iya tsagewa in ƙarfe ya motsa da zafi. Sai gwaji. Bakin tafki ya dace da wannan: a kai zoben saiti ƙarshensa, a auna itatuwan da ke tsallake, ko ƙarfen sadarwa mafi nisa. In sun fito tsaf, siririn zoben nan yana wurinsa, murɗi ya shiga bakinsa. In sun fito tsaf a tsakiya amma gefe ya watse, akwai gilashin da ya kwana a juye.

Pentax tana da wata cuta tata. Wasu daga cikin Super-Takumar 50 f/1.4 na shekarun 1960 an yi su da gilashi mai sinadarin toriyam, wanda da tsufa yake rinewa ya koma ruwan shayi. Wanki ba ya taɓa wannan, don a cikin naman gilashin yake. Hasken rana ne ke mayar da shi fari, cikin kwanaki ko makonni, kuma rana dai ba mu rasa ta ba. Sai dai tamu tana da zafin da zai narkar da giris, don haka hantsi ya isa, a naɗe jikin idon da takardar alminiyom, a kuma kula da abin da ke bayansa, domin gilashin yana tara rana wuri ɗaya har ya ta da wuta. Irin wannan gilashi ba a fasa shi, ba a goga shi da abin kankara. Yashica mai ido biyu kuwa, gilashin gaban idonta na ƙasa yana murɗuwa ya fita, a wanke, amma abin da ke bayansa injin ɗauka ne mai ƙafafun agogo da siraran waya. Wannan a kai wa mai gyaran agogo.

Ina faɗin haka ne don na san hannun yana nan. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba lambar yabo ta Zakin Zinariya a Venis a 2007, ya shahara da hotunansa, amma a unguwarsu ta Bagadaji an san shi da gyaran kyamara ma. Lokacin da hoto mai launi da injunan wanki suka janye masa masu zuwa, gyaran ya taimaka wajen riƙe shagon, kuma har ya rasu a 2016 kantocinsa cike suke da tsofaffin kyamarori. A Maraɗi yau akwai samari da ke ɗaga gilashin waya su canza abin da ido da ƙyar yake gani. Wanda ya iya wannan, Helios ba zai gagare shi ba. Abin da zai koya sabo shi ne sassauta hannu da sanin inda ake tsayawa.

Kuma idanun suna da sauran aiki. Da zobe mai arha ana ɗaura idon M42 a kan kyamarar zamani, ya ɗauki hoto da bidiyo. Greig Fraser, mai ɗaukar fim ɗin The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu na 2024, ya yi amfani da tsofaffin idanun Sobiyet da aka sake wa jiki, har da Helios-44, a wasu fitowa, saboda yadda suke tausasa haske su murɗa abin da ke bayan mutum. Tun daga nan kuɗinsu ya tashi a kasuwannin duniya. Mu kuwa muna da abin ɗauka a ƙofar gida. Tun 2006 Nijar ta sa kurmin Madarunfa da tafkin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Masunta a kan ruwa da asuba, tsuntsayen da ke sauka, masu ziyara, matan da ke soya kifi: ina so a ce ƴaƴan garin ne suka ɗauke su, kuma ina jin daɗi in idon da ya ɗauki auren kakanninsu ne ya yi aikin.

Bayan wanki, ajiya. Jakar fata da adaka su ne suka jawo cutar tun farko, kada a mayar da shi can. Da damina, roba mai marfi mai kama iska, wadda haske ke ratsawa, da ƴan ƙunshin tsakuwar nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. In sun ƙoshi a gasa su a kan wuta marar ƙarfi su koma aiki. Da hunturu, marfi gaba da baya, da gilashin kariya a baki, wanda in ya karce a canza shi da kuɗi kaɗan. Lokaci-lokaci a fito da shi ya sha haske, a juya zobbansa don kada giris ya daskare wuri ɗaya.

Wanda kuma ya riga ya mutu, wanda fumfuna ta cinye tsakiyarsa ko ƙaronsa ya saki gaba ɗaya, kada a jefar. Ƙusoshinsa da zobbansa da ganyayensa za su ta da wani, gilashin gabansa mai lafiya yana iya maye gurbin wanda bakin riga ya karce in ƙirarsu ɗaya ce, kuma a kansa ya kamata mai koyo ya fara, ya kwance ya haɗa har hannunsa ya san hanya, kafin a ba shi na mutane.